Hannun Ngo Kaneng

Wata na bakwai, ƙafata ta ƙi takalmi.
Sanyin Jos ya sami ƙuguna ya yi gida.
In na kwanta dama, hagu ta yi ƙorafi,
in na juya hagu, baƙon ciki ya buga ƙofa.
Sabi'u ya dawo daga Farin Gada yana ƙanshin ɗanyen dankali,
ya ce, "Akwai wata tsohuwa a Unguwar Rukuba,
ita ta gyara wa matar ogana baya."
Na ce, "Rukuba? Za ta yarda ta tsallako Gangare?"

Ta tsallako.
Ranar Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
da rigar sanyi mai maɓalli uku, ɗaya ba irin sauran ba,
da man kaɗanya cikin gwangwanin madara.

Tafinta kaushi, kamar bayan kasko.
Shekara goma sha tara, in ji ta, tana wankin kuza
a bakin kududdufin da ya ci mata ƙane.
"Hannun da ya raba kuza da yashi
ba zai rasa inda jijiya ta ɓuya ba."

Sai da man ya narke a hannunta kafin ya taɓa ni.
Kwanta ta gefe. Sa filo tsakanin gwiwa.
Ta fara daga wuya, ta gangaro
kamar mai saukowa daga Shere da tulu a ka,
taku ɗaya, tsayawa, taku ɗaya.
Da ta iso cikin sai ta janye:
"Nan ɗakin baƙo ne, ba a shiga sai ya fito.
Me nas ta ce a wurin awo? Jinin bai hau ba?"

Ƙarƙashin allon kafaɗata ta tsaya.
"Nan akwai ƙulli. Ba na wannan cikin ba ne."
Ban ba ta labarin na bara ba,
wanda aka naɗe cikin zanen da ban sake ɗaurawa ba.
Ita ma ba ta tambaya ba.
Ta dai sa babban yatsa,
ta danna,
ta riƙe,
har kukan da na ajiye wata goma sha huɗu
ya jiƙa tabarma.

Haihuwa ta zo da wuƙa.
Ɗinki ƙasan cibiya, tari ma sai na nemi izini.
Inna ta ɗora tukunya, darbejiya tana tafasa,
ta ce jegon da babu ruwan zafi ba jego ba ne.
Ngo ta ce a bari ɗinki ya kama bakinsa tukuna.
Suka yi ta yi a tsakar gida,
Hausar Inna mai karin magana, ta Ngo mai gutsure wutsiya,
har kunun kanwa ya raba gardama:
ciki na Inna, ita ke ɗura shi,
baya da ƙafa na Ngo.

A hankali ta dawo mini da jikina,
gaɓa gaɓa, kamar mai biyan bashi.
Yau idon sawu ya fito daga kumburi,
jibi na sunkuya na ɗauki Nusaiba ban cije leɓe ba.

Ranar arba'in na ƙirga mata kuɗinta.
Tana sauri ta sami keke kafin magariba,
ta kama maɓallin nan da ba irin sauran ba,
sau uku yatsunta suna kuskure ƙofa.

Na ce, "Zauna, Ngo."
Na kankare sauran man daga gindin gwangwani,
na ɗumama shi yadda na gani,
na kama hannun, gaɓoɓin sun kumbura kamar citta.

"Ba haka ake yi ba," ta ce. "Kin cika sauri."

Ladan ya fara gyaran murya a lasifika.
Ba ta janye hannun ba.